Tambaya da Amsa: Wai Sarauniyar Ingila ce shugabarmu har 1963?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Don Allah ka raba mana gardama. Jiya da daddare a teburin mai shayi nan Agege musu ya kaure tsakanina da wani dattijo mai sayar da goro, ni nace tun 1960 muka sallami Turawa shikenan, shi kuma yace yaro man kaza, ai Sarauniya ce shugabar ƙasar nan har 1963, wai yana Ikko lokacin yana yaro. Har shayina ya huce muna abu ɗaya. Waye mai gaskiya?
Ɗanka, daga Agege, Legas.

AMSA: Wa'alaikumus salam. To ɗana, gobe ka saya wa Baba shayi mai kauri harda ƙwai biyu, don shi ya ci wannan gardamar.

Gaskiya ne ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa, wanda yanzu ake ce ma Dandalin Tafawa Balewa, amma a takarda Sarauniya Elizabeth ce dai shugabar ƙasa, Gwamna Janar ke wakiltarta, kuma daga Nuwamban 1960 Nnamdi Azikiwe, wato Zik, ne a kujerar. Shari'a ma in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a nan, Landan ake ɗaukaka ƙara. Kuma wannan ɗin ne ya ɓata wa mutanenmu rai, don a rikicin Akintola da Adegbenro kan waye halastaccen Firimiyan Jihar Yamma, alƙalan Landan a watan Mayun 1963 suka ba Adegbenro gaskiya, su kuma 'yan Akintola suka yi wuf suka gyara tsarin mulkin jihar yadda hukuncin ya tashi a tutar babu, kaga an bi doka an kuma take ta lokaci guda. Sai ranar 1 ga Oktoba 1963 aka yanke cibiyar gaba ɗaya, Najeriya ta zama jamhuriya, Kotun Ƙoli ta zama tuƙewa, Zik ya zama Shugaban Ƙasa. Amma fa shugabancin na ado ne, wuƙa da nama suna hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa.

Ni dai a ganina ba bikin jamhuriyar ne babban labarin shekarar ba. Sati uku kafin bikin, a watan Satumba, alƙali Sowemimo ya ɗaure Awolowo shekara 10 a nan Legas bisa laifin yunƙurin kifar da gwamnati, wato an shiga jamhuriya madugun 'yan adawa yana gidan kaso. A watan Agusta kuma an riga an yanki Jihar Tsakiyar Yamma daga jikin Yamma, hedikwata a Binin, jihohi suka zama huɗu, ba a taɓa Arewa ko Gabas ba, kuma kar ka zaci Yarbawa basu lura ba.

Sai uwa uba ƙidaya. An yi ta a 1962 aka soke saboda kowa na zargin kowa da aringizo, aka sake a Nuwamban 1963, sakamako ya fito miliyan 55.6, Arewa ita kaɗai miliyan 29.8. Firimiyan Gabas Michael Okpara yace bai yarda ba. Ba ƙirga kawuna kawai ake ba ai, da wannan adadin ake raba kujerun majalisa, shi yasa kowa ya zare ido, kuma da wannan gabar aka faɗa zaɓen 1964.

Can gida ma shekarar bata yi shiru ba, a cikinta Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya bar gadon sarauta ya koma Azare, Muhammadu Inuwa ya hau bai jima ba Allah ya yi masa rasuwa, aka naɗa Ado Bayero a watan Oktoba, kafin nan shi ne jakadanmu a Senegal.

In kana so ka ɗan rama, tambayi Baba a wace unguwa yake a 1963. In yace Agege, to ka ce masa ba a Legas yake ba, Agege da Ikeja da Mushin duk ƙarƙashin Jihar Yamma suke, Ibadan ce hedikwatarsu, Jihar Legas sai 1967 aka ƙirƙiro ta. Amma ka bari ya gama shan shayin tukuna.