Amsa ga Alhaji kan mantuwa da koyon sabon abu bayan ritaya

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka ce tun da ka ajiye aikin ofis sunayen mutane suka fara kufce maka, kana kuma tambaya ko shiga koyon abubuwa iri-iri zai taimaki ƙwaƙwalwa, ko kuwa gara mutum ya riƙe fanni guda ya zurfafa a cikinsa. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Damagaram, na kuma riga ka ajiye alli da wasu shekaru, saboda haka zan faɗa maka abin da na karanta da abin da na gwada da hannuna.

Abin da ke motsa ƙwaƙwalwa shi ne aikin da mutum bai iya ba tukuna. Duk abin da ka ƙware a kansa har hannu yana yi kai kana hira, yana nan da amfaninsa, amma ya daina sa ka gumin tunani. Fa'idar sauya fanni ke nan, domin kowane sabon fanni yana mayar da dattijo ɗan koyo, ya riƙa tambaya, yana kuskure ana gyara masa, yana sake gwadawa.

Masana sun ga alamar wannan a cikin ƙwaƙwalwar kanta. A birnin Landan ba a ba direban tasi lasisi sai ya haddace tituna wajen 25,000, abin da kan ci shekara 3 zuwa 4. A shekarar 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi, suka tarar cewa ɓangaren da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2004 ya fi ba ni darasi. An koya wa mutane wasan cilla ƙwallo uku sama ana cafewa har tsawon wata 3, aka ga wani sashe na ƙwaƙwalwarsu ya ƙaru, da suka daina wasan na wasu watanni kuma sai ƙarin ya fara ja da baya. Gonar da aka daina nomewa ciyawa ce ke karɓe ta, haka abin yake a nan. Akwai kuma binciken Denise Park a Dallas ta Amurka, wanda aka wallafa a 2014 kan dattawa masu shekara 60 zuwa 90. Waɗanda aka sa koyon ɗaukar hoto da sarrafa shi a kwamfuta, ko ɗinkin bargo mai zane, kimanin awa 15 a mako har wata 3, sun fi samun ingancin tuna abubuwa a kan waɗanda aka bari da hira ko ayyuka masu sauƙi a gida.

Ni da dukanci na fara, wajen wani baduku a unguwar Birni wanda ya girme ni a sana'a ko da yake na girme shi a shekaru. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ɗinkin fata aikin yatsu ne kawai. Sai ka zauna a kan tabarma an miƙo maka jar fatar akuya da basilla, sannan za ka gane cewa ido yana auna tazarar huda, hannun hagu yana riƙe gefe biyu kada su zame, na dama yana jan zare daidai gwargwado, domin in ka ja da ƙarfi fatar ta tattare, in ka sassauta bakin jakar ya buɗe. Kana cikin wannan kuma kana riƙe da zanen adon a ka, kana ƙirga inda kore zai shiga da inda baƙi zai biyo. Nakan tashi daga wurin da irin gajiyar da na sani lokacin ina ɗalibi. Da hannuna ya fara sabawa sai na ƙara da wani abu na daban, na roƙi wani tsohon ɗalibina ya koya mini haɗa sola da batir, da lissafin yawan fitilu da fanka da za su iya ɗauka kafin asuba. Wannan ya dawo mini da lissafin da na daɗe ban taɓa ba, ya kuma zaunar da ni gaban yaron da na koyar ina sauraro, abin da nake ganin kowane dattijo yana bukata.

Harshe kuwa, mu a Damagaram Allah ya kawo mana shi har ƙofar gida. A Kasuwar Dole kaɗai za ka ji Barbarci da Fulatanci da harshen Abzinawa, ban da Faransancin da ka yi aiki da shi. Wani bincike da aka yi a Haidarabad ta Indiya a 2013 kan marasa lafiya 648 ya nuna cewa masu harshe biyu ko fiye alamun gigin tsufa sun bayyana gare su a makare da kimanin shekara 4 da rabi, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Ka samu maƙwabci Babarbare ka ce kowace yamma ya ba ka gaisuwa da kalmomin ciniki, washegari ka je kasuwa ka gwada su. In kana da tilawar da ka saba, ka riƙe ta da kyau, ka kuma ƙara da haddar surar da ba ka da ita, ko karatun ma'ana gaban malami, ko rubutun allo da alƙalami da tawada in hannunka ya daɗe a kan boko.

Ban ba ka shawarar ka ɗebi fanni biyar a lokaci guda ba. Biyu sun isa, ɗaya na hannu ɗaya na kai, ka bi su har sai sun fara yi maka sauƙi, sannan ka matsa zuwa mataki mai wuya ko ka ɗauko wani. Wasannin waya da ake tallatawa da sunan horar da ƙwaƙwalwa ba su burge ni ba, domin galibi a wasan kaɗai mutum yake ƙwarewa, kuma shi kaɗai yake zaune. Dara a majalisa ta fi su a wurina, tun da akwai abokin karawa da musu da dariya.

Sai dai koyo ba ya tsayawa shi kaɗai. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya magancewa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya, daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji da na gani, shan taba, rashin motsa jiki da kaɗaici. Don haka ka je a auna jininka da suga, a duba kunnenka da idonka, ka riƙa takawa da ƙafa da sanyin safiya, ka kuma ba barci haƙƙinsa, domin a cikinsa ne abin da aka koya da rana yake zama. Mantuwar suna wanda yake dawo maka bayan ɗan lokaci abu ne da aka saba gani a shekarunmu. Amma in ta kai ga ɓata a hanyar da ka sani, ko maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ko rikicewa a lissafin kuɗin cefane, to ka ga likita ba tare da jinkiri ba, ka kuma tafi da wani daga cikin iyalinka wanda zai iya bayyana abin da yake gani a gida.