Fara da zallansa tukuna

Jiya da daddare muna wanke kofuna ka tambaye ni me ya sa yau kwana bakwai ke nan ina sa ka shan jan shayin nan na rooibos zalla, babu sukari babu madara, alhali ga gwangwanaye can a kan kanta, da mai ƙamshin banila da mai ɓawon lemu da wanda aka haɗa da citta, kuma su masu saye suka fi tambaya. Gajiya ta hana ni ba ka amsar kirki. Jawo kujera ka zauna, ɗana.

Abu na farko, wannan ganye ba ɗan'uwan ganyen shayin da ka saba dafawa ba ne ko ta nesa. Tsiro ne dangin wake da gyaɗa, ganyensa sirara kamar allura. A faɗin duniya wuri ɗaya yake yi, yankin duwatsun Cederberg da kewayensa a yammacin Afirka ta Kudu, wajejen garin Clanwilliam, arewa da birnin Cape Town. Ƙasar can yashi ce marar ƙarfi, ruwan sama kuma da sanyi yake zuwa musu. An kai irin wasu ƙasashe an gwada, ya ƙi. Sunan ma da harshen Afirkans ne, ana faɗinsa "roibos", ma'anarsa jan tsiro.

Amma a gona kore ne shar. Jan da kake gani aikin hannu ne. Daga watan Janairu, lokacin da zafi ya kankama a can, ake yankan rassan da lauje, a daddatsa su ƙanana, a murje, a yayyafa ruwa, a tara su tsibi-tsibi a fili su kwana. Cikin daren nan tsibin yakan ɗauki ɗumi, iska ta shiga ganyen da aka murje, launi ya juye daga kore zuwa ja, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya koma ƙamshi mai zaƙi kamar na zuma. Gari na wayewa a baza shi a rana ya bushe. Duk ɗanɗanon da zai zo kofinka a wannan dare aka yi shi. In an yi gaggawar bazawa, sai ka ji shi salam da warin ciyawa. In kuma an bar shi ya wuce lokaci, sai ya yi tsami-tsami. Harshenka ba zai taɓa bambance waɗannan ba muddin banila na zaune a kai.

To ka ga dalilin kwana bakwai ɗin nan. Ƙamshin da ake fesa wa ganye yana iya rufe aibu. Na taɓa sayen buhu guda mai ƙamshin karamel a hannun wani dillali, hanci ya ruɗe ni ban dafa na ɗanɗana ba. Bayan wata biyu ƙamshin ya gudu, abin da ya rage tsinke ne da ƙura, ruwansa kamar an wanke jan ƙyalle. Kuɗina suka tafi, kuma mutum biyu da suka saba zuwa sha da daddare ban sake ganinsu ba sai bayan dogon lokaci. Tafiyarsu ta fi asarar kuɗin yi mini zafi.

Ɗebo kaɗan ka zuba a tafin hannunka. Duba: sirara ne, tsawonsu kusan ɗaya, ja mai duhu da ɗan sheƙi, fararen tsinkaye 'yan kaɗan a ciki. Shinshina. Ka ji itace-itace da zuma-zuma? Wannan shi ne mai kyau. Babban cokalin shayi ɗaya a cike ga kofi ɗaya, ruwa kuma ya tafasa sosai, ba mai ɗumi ba. Rufe butar ka bar shi minti biyar aƙalla, ni goma na fi so. Nan ne yaran da suka taso a kan baƙin shayi suke yin kuskure, suna saurin tacewa don tsoron ɗaci. Wannan ganye sinadarin da ke sa bauri kaɗan ne a cikinsa, ko ka bar shi a kan ƙaramar wuta ba ya ɗaci, sai dai ya ƙara duhu da kauri. Mutanen ƙasarsa ma sukan bar butar a gefen murhu a yi ta tsiyaya. Abu ɗaya ka kula: allurorin nan suna bi ta rariya mai manyan idanu su tsaya wa mutum a maƙogwaro. Tace da ƙyalle mai tsabta.

Ranar takwas zan ba ka koren, wanda aka busar nan take ba a bar shi ya kwana a tsibi ba. Ruwansa rawaya-rawaya ne, ɗanɗanonsa ba nauyi, ya fi tsada. Ba kowa yake so ba, amma ya kamata ka san shi.

Daga nan sai gwangwanayen da idonka ke kai. Su ma iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai wanda aka sa wa ƙamshi kawai: ganyen rooibos ne aka fesa masa man banila ko na lemun bagamot ko na karamel, in ka zuba a hannu ba za ka ga komai ba sai ganye. A nan banila ta fi dacewa a ganina, domin zallan ma yana da ɗan ƙamshinta a ɓoye, sai ta fito da shi fili. In ka sha kofi ka ji wani abu kamar turare ya maƙale maka a ganɗa bayan ka haɗiye, an cika hannu, kada ka sake sayensa.

Sai haɗi na gaskiya, wanda za ka ga gutsuren citta da kirfa da kanumfari da ɓawon lemu da idonka. Wannan ne fagen da nake so ka gwanance, tun da kayan duk ka san su tun kana ƙarami. Rooibos ganye ne mai haƙuri, kowa ya zo sai ya danne shi, saboda haka hannu a sama-sama. Citta da kirfa suna zama da shi lafiya, musamman in za a sa madara. Kanumfari ƙwaya biyu sun isa buta guda, na uku ya shiga ka daina jin shayi. Na'a-na'a sai an sauke daga wuta ake jefawa. Zoɓo kuwa ka yi hattara da shi: ja ne kamar shi, sai ka ɗauka za su jitu, amma tsaminsa yana cinye zaƙin ganyen gaba ɗaya, kuma in ka zuba madara a kai sai ta tsinke. In za ka haɗa su, tsunkule ɗaya na zoɓo, a sha da sanyi. Akwai kuma wani ɗan'uwansa na can ƙasar da ake kira honeybush, ya fi shi zaƙi, rabi da rabi suna yin daɗi ko babu sukari.

Yawancin masu zuwa nemansa da daddare saboda ba shi da kafeyin ne, ba ya hana barci. Don haka ranar da ka haɗa shi da baƙin shayi ko koren shayi, kafeyin ya dawo, dole ka faɗa wa mai sha kafin ka miƙa masa kofi. Kuma kada in ji ka ce wa kowa maganin hawan jini ne ko na ciwon suga don ka sayar. Shayi muke sayarwa. Mai ciwo ya ga likita.

In ka karanta jikin kwali ka ga an rubuta rooibos, sunan yana da masu shi. A shekarar 2021 Tarayyar Turai ta yi masa rajista, ba a kiran wani ganye da wannan suna a kasuwanninta sai wanda ya fito daga yankin da aka keɓe. Kafin nan, a 2019, aka ƙulla yarjejeniyar ba al'ummomin Khoi da San, 'yan asalin yankin, kashi 1.5 cikin ɗari na farashin da ake biyan manoma, domin su suka fara sanin tsiron tun yana daji. Ina so ka riƙa faɗa wa masu saye wannan in sun tambayi daga ina ya fito.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar Asuba zan jera maka kofi uku ba tare da ka ga gwangwanin da na ɗebo ba. Biyu daga ganye mai kyau, ɗaya daga ragowar buhun dillalin nan da na ajiye. In ka nuna mini shi, jibi kai za ka daka cittar haɗin farko. Rufe gwangwanin nan da kyau kafin ka tashi, ka ɗauke shi daga kusa da kanumfari, yana jan ƙamshi.