Amsa kan ƙararrawar mota da hana sata: muryar da aka mayar rubutu

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu ya ajiye tambaya ɗazu cewa ya sayi mota ta hannu, wace ƙararrawa zai sa mata, kuma tsakanin ƙararrawa da tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take, wanne ya fi. Amsar da ɗan tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya, a yi haƙuri.

To Malam, jiniya ihu kawai take yi, ba ta riƙe mota, kuma mutane sun saba da kukan mota har ba mai leƙowa. Abin da ɓarawo ya tsana shi ne a ɓata masa lokaci. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce, idan ya shiga motar nan, minti nawa zai ɗauka kafin ta tashi? Duk kuɗinka a nan ya kamata su tafi.

Fara da makullin hannunka. Motoci da yawa sun zo da imobilaiza tun daga kamfani, wato akwai ɗan ƙwayar lantarki a cikin kan makullin, idan ƙwaƙwalwar mota ba ta gane shi ba injin ba zai kama ba. A Jamus da Ingila doka ta tilasta sa shi tun 1998, Kanada tun 2007. Amurka ba ta tilasta ba, shi ya sa aka yi ta sace wasu Kia da Hyundai masu makullin murɗawa a can, saboda ba su da shi. Ka kunna makulli ka dubi dashbod, idan ka ga ɗan hoton makulli ko kwaɗo ya haska ya mutu, akwai alamar tana da shi. Amma a mota ta hannu wani lokaci za ka tarar an ciro ƙwayar an manna ta da tef kusa da ramin makulli, don kowane yankakken makulli ya tayar da ita. Idan haka ne a gyara wannan tukuna, kuma a goge makullan da ba sa hannunka daga ƙwaƙwalwar.

Wajen saye, kar yawan kiɗan jiniya ya ruɗe ka. Rimot ɗin ya zama mai sauya lamba duk dannawa, don mai lamba ɗaya ana kwafe shi daga nesa. Jiniyar ta zama mai ɗan batirinta a ciki, ko an cire kan batirin mota ta ci gaba da kuka. Sensar bugu ta zama mai mataki biyu, taɓi kaɗan ta yi gargaɗi, bugu mai ƙarfi ta saki kuka. Idan kana da tayoyi masu tsada ko kana tsoron a ɗaga motar a janwe, ƙara sensar karkata. Kuma lallai ya zama akwai wayar yanke sitata. Rimot mai allo da ke sanar da kai a aljihu yana da daɗi, amma ba shi ne gaba ba.

Yanzu wajen ɗaurawa, nan ne ake ɓata aiki. Ƙararrawa mai araha a hannun ƙwararren mai wayarin ta fi mai tsada a hannun mai gaggawa. Yawanci ana cusa akwatin ƙararrawar a ƙarƙashin sitiyari, a bar wayoyinsa ja da rawaya suna reto. Ɓarawo nan yake fara kai hannu, ya fisge soket ɗaya, an gama. Ka ce a kai akwatin can sama bayan mitar dashbod ko bayan akwatin ajiya na gefen fasinja, a naɗe wayoyin da baƙin tef irin na kamfani su saje da na motar.

Gwajin waya da mitar auna wuta ake yi, ba da ƙwan gwaji ba. Ka ga soket rawaya ko waya a cikin rawayar riga, ta jakar iska ce, ba a taɓa ta, ba a soka mata komai. Haka wayoyi biyu siririya da aka murɗe su tare, su ne hanyar da ƙwaƙwalwan motar ke magana da juna, kuskure ɗaya fitilun dashbod su cika. Idan motar ta zamani ce a sayi ƙararrawar da aka yi don karanta wannan layin, kar a yi ta yanke-yanke.

Bayan an gano wayoyi, a cire kan batir na nagatif kafin a fara haɗi. Jan waya zuwa wuta mai volt 12 da ba ta ɗaukewa, da fiyus kusa da inda aka ɗebo wutar, kar ya wuce santimita 30. Baƙar waya a kankare fenti a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe. Wayar ƙofa a gwada ta: idan ka buɗe ƙofa mita ta faɗi zuwa sifili, nagatif ce, idan ta hau 12, fozitif ce, kuma ƙararrawa tana da waya daban ga kowanne. Kowane haɗi a like shi da dalma a sa masa robar nan da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya a naɗe da tef, wata shida zafi ya narkar da gam, sai ka ji mota tana kuka ƙarfe biyun dare.

Yanke sitata kuwa da rile ake yi, wato ɗan maɓallin da wuta ke kunnawa da kashewa, mai ƙafa biyar kowace da lambarta, mai amfiya 30 zuwa 40. A yanke wayar sitata, ɓangaren makulli a ƙafa ta 30, ɓangaren sitata a 87a. Ƙafa ta 85 ta tafi wayar ƙararrawa da ke ba da nagatif idan an kulle, ta 86 kuma wayar makulli da ke da wuta har lokacin da ake murɗawa a tayar. Wannan na ƙarshen a kula, idan aka ɗauko wayar rediyo, wuta na ɗaukewa lokacin tayarwa, rile ya saki, mota ta tashi abinta. Amfanin 87a shi ne ko ƙararrawar ta mutu motarka za ta tashi. Mota mai giyar hannu ana tura ta ta kama, don haka ita a yanke wayar famfon mai, sai dai haɗin ya zama mai kyau sosai, kar ta mutu maka a tsakiyar titi.

Jiniya bakinta ya kalli ƙasa don ruwa ya zube, nesa da zafin salansa, inda hannu ba zai kai ta ƙarƙashin mota ba. A sa maɓalli a bonet da but. Ɗan maɓallin gaggawa na kashe ƙararrawa idan rimot ya ɓata, a ɓoye shi, kai kaɗai ka san wurin.

Maganar tiraka, ba ta hana ɗauka, tana nuna inda aka kai. Ni a ganina ƙari ce, ba madadi ba. Sayi mai 4G don ƙasashe da dama suna rufe 2G, mai batirin ciki, kar a sa ta ƙarƙashin ƙarfe don ba za ta ga tauraron ɗan'adam ba, kuma kar sim ɗin ya mutu. Mai kashe inji daga wayar hannu, a saita ta sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20, don inji na mutuwa sitiyari da birki su yi tauri. Idan an sace, ka ba 'yan sanda taswirar, kar ka bi da kanka.

Masu motar da ake tayarwa da danna maɓalli, ku matsalarku daban. Ɓarayi biyu ne, ɗaya ya tsaya jikin bango kusa da makullinka da na'ura, ɗaya jikin mota, su miƙa siginar, mota ta buɗe. Ajiye makulli a jakar da ke toshe sigina ko gwangwanin ƙarfe mai murfi. Soket mai rami 16 na ƙarƙashin sitiyari, inda ake sa kwamfuta, ta nan ake yin sabon makulli, a sa masa murfi mai kwaɗo. Kuma duk ka danna rimot ka ja hannun ƙofa, akwai masu toshe siginar kullewa. Sandar kulle sitiyari ma kar ka raina ta.

Kafin ka biya mai aiki, sauke gilashi, kulle da rimot, jira minti ɗaya, ka sa hannu ka buɗe kowace ƙofa, bonet da but, ɗaya bayan ɗaya. Gwada tayarwa tana kulle. Daki taya da ƙafa, gargaɗi ya kamata ka ji, ba cikakken kuka ba, in ba haka ba tsawa da babbar mota ma za su tayar da ita. Sannan a bar motar ta yi shiru kamar minti 30, a sa mita tsakanin batir da kansa na nagatif. Idan abin da take sha ya haura miliamfiya 50, a nemo inda wutar ke zurara tun kana wurin. Turo mana sunan motar da shekararta, sai a faɗa maka ko sitata za a yanke ko famfo.