Me Ya Hana Jamus Cin Faransa Cikin Mako Shida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Gombe. Ɗalibaina sun tsare ni da tambaya: idan Jamus ta yi shekaru tana shirin murƙushe Faransa a 1914, to ina gizo ya yi saƙa?
Malamin tarihi, daga Gombe

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shirin ya samo sunansa daga Schlieffen, babban hafsan sojan Jamus da ya bar aiki a 1906. Jamus tana tsakanin abokan gaba biyu, Faransa a yamma, Rasha a gabas. Lissafinsu shi ne Rasha za ta yi nawa wajen tara dakaru saboda faɗin ƙasa da ƙarancin layin dogo. To, a gama da Faransa cikin mako shida, sannan a juya gabas. Da yake iyakar Faransa cike take da ganuwa irin ta Verdun, sai aka yanke a zagaya ta Beljiyam. Wannan ne ya jawo Birtaniya cikin yaƙin, wato Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 4 ga Agusta.

Kashin farko ya tafi daidai: jiragen ƙasa kusan 11,000 suka kwashi dakaru zuwa iyaka. Matsalar tana bayan iyaka, kuma nan muke so ku tsaya wa ɗalibai. 'Yan Beljiyam sun fasa gadoji sun toshe hanyoyin jirgi, ganuwar Liège kuma ba ta gama faɗuwa ba sai 16 ga Agusta. Daga nan sai ƙafa da doki. Sojan Janar Kluck na Jamus, da ke can gefen dama, yana taka kilomita 30 ko fiye a yini cikin zafin Agusta, da kaya a baya, takalmi na cin ƙafa. Rundunarsa kaɗai tana da dawaki kusan 84,000, kuma doki ba ya jan igwa sai ya ci harawa. Kullum suka matsa gaba, tashar da ake sauke abinci da harsashi tana ƙara nisa. Shi kuwa Janar Joffre na Faransa layin dogonsa lafiya lau, sai ya riƙa ɗebo dakaru daga gabas yana tara sabuwar runduna kusa da Paris. A ganinmu wannan ne ya karya shirin.

Rasha ma ba ta yi nawar da aka zata ba, tun 17 ga Agusta ta shiga gabashin Jamus. Moltke, magajin Schlieffen, ya zare dakaru daga yamma ya tura can, suka isa bayan Jamus ta riga ta ci Rasha a yaƙin Tannenberg.

Da Kluck ya karkata ta gabashin Paris, aka kai masa hari ta gefe. Ya juya don ya tare, sai giɓin kusan kilomita 50 ya buɗe tsakaninsa da rundunar ɗan'uwansa Bajamushe Janar Bülow, Faransawa da Ingilishi suka kutsa ciki. Wannan ne yaƙin kogin Marne, 5 zuwa 12 ga Satumba. Moltke yana can Luxembourg, saƙo ba ya isa gare shi a kan kari. Jamusawa suka ja da baya zuwa kogin Aisne suka haƙa ramuka, aka sauke Moltke ranar 14 ga Satumba.

Ku kuma nuna wa yaran cewa wutar ta iso kusa da mu: a ƙarshen Agustan nan sojojin Najeriya suka tashi daga Yola suka afka wa Jamusawa a Garwa ta Kamaru, wadda ke hannun Jamus a lokacin, aka kore su da asara, garin bai faɗi ba sai Yunin 1915.