Zaman Landan: Albashi, Haya da Takardu

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowar kusan duk a kan Landan suke, daga masu shirin tafiya aiki da waɗanda ba su daɗe da sauka ba. Mun zaɓi biyar. Adadin haraji da na biza yakan canja, don haka a riƙa duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a biya ko sisi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An ɗauke ni aiki a Landan a kan fam 42,000 a shekara, abokai suna ta cewa kakata ta yanke saƙa. Nawa zai riƙa shigowa hannuna a wata?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, muna taya ka murna, amma ɗauko alƙalami tukuna. A takarda albashinka fam 3,500 ne a wata. Fam 12,570 na farko a shekara ba a cire masa haraji. Abin da ya rage, wato fam 29,430, a kansa ake cire kashi 20 cikin ɗari na harajin albashi, fam 5,886 ke nan. Sai kashi 8 cikin ɗari na inshorar ƙasa, kimanin fam 2,354. Za a bar maka fam 33,760 a shekara, wajen fam 2,813 a wata. Daga nan kuma fansho zai ɗauki sama da fam 100, domin doka ta sa a shigar da ma'aikacin da ya kai shekara 22 kai tsaye: kai ka zuba kashi 5, mai aikinka ya zuba aƙalla kashi 3. Kana iya ficewa, kuma idan ka fice cikin watan farko za a maido maka da abin da aka cire, sai dai ka yi asarar kason mai aikin. Masu gudun riba su tambaya, don wasu asusun, irin su Nest, suna da sashen da ya dace da shari'a.

Inda sababbin zuwa suke yawan shan mamaki shi ne albashin farko. Duba takardar albashinka, akwai wata lambar haraji a jiki. Ta yawancin ma'aikata ita ce 1257L. Idan ka ga BR ko 0T, to ana cire maka haraji tun daga fam ɗin farko, ba a ba ka rangwamen nan na 12,570 ba. Yawanci dalilin shi ne ba ka cike fom ɗin sabon ma'aikaci ba, ko ka zaɓi layin da ba naka ba. Ka tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC ta gyara, rarar za ta dawo. Shekarar haraji a can tana farawa ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilun gaba. Lambar inshorar ƙasa kyauta ake nemanta ta intanet, kuma kana iya fara aiki kafin ta fito muddin ka nuna izinin aikinka.

TAMBAYA: Na ga ɗaki mai sauƙin kuɗi a Facebook. Mai ɗakin ya ce in turo kuɗin wata uku ya ajiye mini kafin in iso. In tura?

AMSA: Kada ki tura, Malama. Wannan tsohuwar damfara ce: a kwaso hotunan gidan wani, a sa kuɗi ƙasa da na kasuwa, a ce masu nema sun yi yawa, sai kin biya a toshe lambarki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ki kama masauki na mako biyu ko uku, ki je ki ga ɗakin da idonki.

Ga abin da dokar Ingila ta 2019 ta ce a kan kuɗin da ake karɓa wajen ɗan haya. Kafin alƙalami, wato abin da ake bayarwa don a riƙe miki gida, bai wuce hayar mako ɗaya ba. Kuɗin jingina, wato wanda ake ajiyewa saboda ɓarna ko bashin haya a maido miki in kin tashi, bai wuce hayar mako biyar ba, idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Lissafin kuwa haka yake: hayar wata sau 12, a raba gida 52, a ninka sau 5. A ce ɗakin fam 900 ne a wata, to hayar mako fam 207 ne da 'yan kai, jinginar ba za ta haura fam 1,038 ba. Dillali ba shi da ikon karɓar kuɗin duba gida, ko na rubuta yarjejeniya, ko na bincikar takardunki.

Jinginar ma ba aljihun mai gida take zama haka kawai ba. Dole ya yi mata rajista cikin kwana 30 a ɗaya daga tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su, DPS ko TDS ko mydeposits, ya kuma ba ki shaida a rubuce. Idan bai yi ba, kotu na iya sa shi ya biya ki har ninki uku. Amma a lura da wani rami: idan a cikin gidan da mai shi yake kwana kika kama ɗaki, kuna haɗa kicin ko banɗaki, wannan kariyar ba ta hau kanki ba, kuma sallamarki ta fi sauƙi ƙwarai. Irin waɗannan ɗakunan sun fi araha, dalilin ke nan.

Za a nemi shaidar izinin zamanki. Tunda katin biza na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu ta asusunki na hukumar shige da fice za ki fitar da lambar tantancewa, wadda ke aiki tsawon kwana 90. Dillalai da yawa suna son albashin shekara ya kai hayar wata sau 30. Mai fam 42,000 ɗin nan na sama, gidan fam 1,400 ne iyakarsa a wajensu.

Ranar da kika karɓi makulli, kafin ki shigar da ko jaka, ɗauki hoton kowane bango, darduma, tanda da tagogi, da mitar wuta da ta gas. Tura wa mai gidan ta imel a ranar, don kwanan wata ya zauna. Rigimar jingina kusan kullum a kan tabo da datti take, kuma mai hoto shi ke cin nasara. Ki nemi takardar binciken gas, wadda ake sabuntawa duk shekara. Ki kuma tambayi wa ke biyan harajin ƙaramar hukuma. Wanda yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25, ɗalibai na cikakken lokaci ba sa biya, amma sai an nema, ba a bayarwa haka nan.

TAMBAYA: Kuɗin sufuri yana neman cinye ni. Me nake yi ba daidai ba?

AMSA: Wataƙila abu uku. Na farko, a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ka taɓa kati a shiga, ka taɓa a fita; ka manta ɗaya, a caje ka kuɗi mafi tsada. A bas kuwa a shiga kawai ake taɓawa, kuma tun 2014 ba a karɓar tsabar kuɗi. Na biyu, akwai iyakar abin da za a cire maka a rana da kuma a mako, Litinin zuwa Lahadi, amma sai ka tsaya a kan abu ɗaya. Wanda ya shiga da waya ya fita da katin banki, na'ura mutum biyu take ganinsa ko da asusun ɗaya ne. Kada kuma ka manna walat gaba ɗaya alhali akwai Oyster, wato katin sufuri na Landan, da katin banki a ciki. Na uku, lokaci: a ranakun aiki daga 6:30 zuwa 9:30 na safe, da 4 zuwa 7 na yamma, jirgi ya fi tsada. Bas kuɗinsa ɗaya ne ko'ina, kuma idan ka canja wata cikin sa'a guda ba a sake cirewa. Mai neman gida mai araha a shiyyar sufuri ta 5 ko ta 6, wato nesa da tsakiyar gari, ya haɗa da kuɗin jirgi kafin ya yi murna.

TAMBAYA: Wani ya ce zai samo mini takardar ɗaukar nauyin aiki idan na biya shi. Ya halatta?

AMSA: Takardar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce, ɗan'uwa. Kamfanin da ke da lasisi ne ke bayar da ita ga wanda ya ɗauka aiki na gaske, kuma gwamnati tana wallafa jerin sunayen masu lasisin, kowa na iya dubawa kyauta. Waɗanda suka saya sukan iso su tarar babu aiki, ko an soke lasisin kamfanin. In hakan ta faru, ko aka sallame ka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar. Tun Yulin 2025 an rufe ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, saboda haka duk mai yi maka tallar wannan hanyar yanzu, ka kama kanka. Canja wurin aiki ma sai da sabuwar takarda da sabunta biza. Kuma babu mai aikin da doka ta ba shi damar riƙe fasfonka.

TAMBAYA: Tun da sanyi ya shigo nake jin kasala, bangon ɗakina kuma ya yi baƙi-baƙi. Ni ma'aikaciya ce, ban taɓa zuwa asibiti a nan ba.

AMSA: Sannu, Hajiya. Fara da yin rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kyauta ne, ba a tilasta miki kawo shaidar adireshi, kuma ta hannunsa ake kaiwa ga ƙwararru. Ai kin riga kin biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 1,035 a kowace shekara ga yawancin manya. Lambar 111 ta neman shawara ce, 999 ta gaggawa.

A Disamba rana takan faɗi tun kafin ƙarfe 4, kuma haskenta ba ya isar jiki ya samar da bitamin D. Hukumar lafiya ta NHS tana shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuwa duk shekara. Duk da haka ki bari likita ya duba jininki, don ƙarancin jini ma yana kawo kasala.

Baƙin bangon fumfuna ce. Tururin girki da wanka da shanya a ɗaki ne ke sauka a bango mai sanyi ya zama raɓa. Rufe tukunya in kina girki, kunna fankar banɗaki, buɗe taga na minti goma da safe, ki ja gado da kabad su ɗan bar jikin bango. Idan ruwa ne ke yoyo daga rufi ko bututu, gyaran na mai gida ne: rubuta masa da hotuna, in ya yi kunnen ƙashi ki kai ƙara sashen gidaje na ƙaramar hukumarku.