Injina yana yanka a karkace, kuma sai na danne shi kafin ya ci: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar sare itatuwa a gidaje da gonaki a yankin Zariya, yawanci darbejiya da mangwaro. Injina Stihl MS 381 ne. Kwanan nan in na sa shi a gungume sai yankan ya karkace gefe guda, sai na danne da ƙarfi kafin ya shiga, har hayaƙi ya riƙa tashi. Kullum ina wasa sarƙar. Wani makanike ya ce injin ne ya gaji. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka bari a kwance maka inji tukuna. Injin da ya gaji ƙarfinsa ne ke raguwa, amma ba ya karkatar da yanka. Karkacewa daga sarƙa take fitowa, ko daga ƙarfen da sarƙar ke hawa a kai.

Fara da duba abin da ke zubowa lokacin yanka. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashin itace take fitarwa manya-manya, kuma ita da kanta take jan injin cikin gungume. In ka ga gari mai laushi yana tashi kamar ƙura, to sarƙar ba yanka take yi ba, gugar itacen kawai take yi, kuma daga nan hayaƙin yake. Dannewar da kake yi tana ƙara wa ƙarfen zafi ne, tana cinye shi.

Yanzu ka kashe inji, ka dubi haƙoran da kyau. Rabi suna kallon dama, rabi hagu. Ina da yaƙinin za ka tarar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kusan duk mai wasa da hannu haka yake yi: ɓangaren da ya yi masa daɗin hannu yana goge shi sosai, ɗayan kuma ya shafa sama-sama. Bayan wasu makonni sai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ci, yankan ya bi shi ya karkace. Maganinsa shi ne ka nemo haƙorin da ya fi kowanne gajarta, ka wasa shi, sannan ka daidaita sauran duka da tsawonsa. Na san za ka ji ciwon ƙarfen da za ka goge a banza, amma babu wata hanya.

Girman magagari ma ba abin wasa ba ne. Sarƙar 3/8 (lambar girman sarƙa ke nan) da ake ɗora wa irin injinka tana son zagayayyen magagari mai kaurin milimita 5.2. Ta .404, wadda masu babban injin nan Stihl 070 suke aiki da ita, milimita 5.5 take so. Ƙananan sarƙoƙi kuwa 4.0 ko 4.8. Ka kwantar da magagarin a kan digiri 30, kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa ya leƙo saman haƙorin. Daga ciki zuwa waje ake turawa, in za ka dawo ka ɗaga shi, domin a turawa kaɗai yake ci. In ka yi wa haƙori ɗaya guga uku, kowanne ma uku. Ka shafa wa na farko alli ko fenti don ka gane inda ka faro. Masu tsaga katako a tsawon gungume suna wasa tasu a kan digiri 10, kada ka kwaikwaye su tunda kai gicciye kake yanka.

Akwai kuma abin da yawancin masu wannan aiki suke mantawa da shi, kuma ina zargin shi ya sa kake dannewa duk da wasan da kake yi kullum. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudun ƙarfe. Shi ne yake ƙayyade zurfin da haƙori zai shiga itace. Saman haƙori a gangare yake, don haka duk lokacin da ka wasa shi yana ƙara yin ƙasa, tudun kuwa yana nan yadda yake. Ana nan sai su zo daidai, haƙori ga kaifi amma bai isa itacen ba. A sarƙar 3/8 ya kamata tudun ya kasance ƙasa da haƙori da milimita 0.65. Akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ake ɗorawa a kai, abin da ya leƙo sai a goge shi da magagari mai faɗi. Bayan kowane wasa uku ko huɗu ka auna. Amma don Allah kada ka rage shi da ido. In ya yi ƙasa da yawa, sarƙar za ta riƙa fizga, kuma ranar da saman bakin ƙarfen ya taɓa reshe, injin zai yi tsalle ya nufo fuskarka kafin ka ƙifta ido.

In ka gyara sarƙa amma karkacewar ba ta daina ba, cire ƙarfen ka duba leɓɓan kwarin da sarƙa ke gudu a ciki. In ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, a daidaita su da magagari ko a sauya ƙarfen. Ka saba juya shi sama ya koma ƙasa duk sanda ka cire sarƙa, ka yashe kwarin, ka buɗe ɗan ramin da man sarƙa ke bi. Ƙonannen baƙin mai da ake juyewa daga mota kuma ka rabu da shi, kada ka mai da shi man sarƙa, akwai garin ƙarfe a cikinsa, yana lalata famfon mai.

Saurin dakushewa kuwa, darbejiyar cikin gari na iya jawo shi. Akan sami ƙasar gara a jikinta, ga ƙusoshi da wayoyin shanya da itacen ya haɗiye shekaru da suka wuce. Kafin ka sa inji, kankare ɓawon wurin da gatari, kuma kada bakin sarƙa ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya. Duk lokacin da ka tsaya zuba fetur, yi wa haƙoran guga biyu-biyu, ya fi ka jira yamma. Idan tsawon haƙori ya koma ƙasa da milimita 4, sarƙar ta gama aiki, sayi sabuwa.