Likita, Yatsuna Sun Fara Ƙin Bin Tsirkiya

Saƙonni uku na ware a wannan makon. Duka daga nan Jos suka fito, kuma duka a kan hannun makaɗi ne.

Likita, shekaruna 28, ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Tudun Wada. Bara aka gwada jijiyoyina aka ce ina da wani ciwon jijiya mai suna CMT. Da ma tun ina yaro nake yawan tuntuɓe, haka mahaifina ma. Yanzu ɗan abin da nake kaɗa waya da shi yana suɓuce mini, yatsuna kuma ba sa iya danne wayoyi da yawa a tare. Kiɗan ne ke ƙara mini ciwon? In haƙura in ajiye?

Ɗan'uwa, kada ka ajiye. Abin da ke cin jijiyar taka yana cikin halittar da ka gada, ba a jikin jitar yake ba. Ko ka rataye ta yau, ciwon zai ci gaba da tafiyarsa ta hawainiya.

Sunan nan CMT daga likitoci uku aka samo shi, Charcot da Marie a Faransa, da Tooth a Ingila, waɗanda suka bayyana ciwon a 1886. Ana ƙiyasta yana samun mutum 1 cikin 2,500. Yana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi, kuma mafi tsawonsu yake fara kamawa. Shi ya sa ƙafa ke riga hannu: tsakiyar tafin ƙafa ta ɗaga sama, yatsu su lanƙwashe, mutum ya riƙa ɗaga gwiwa sama in yana tafiya. In ya iso hannu, ƙananan tsokoki yake fara ramarwa, musamman tudun nan na gindin babban yatsa. Wannan tudun ne ke riƙe maka allura da maɓallin riga da abin kaɗa waya.

Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu babu maganin da ke warkar da shi, kuma ƙarfin da ya tafi ba kasafai yake dawowa ba. Amma a yawancin mutane a hankali yake tafiya, cikin shekaru masu yawa, kuma ba ya rage tsawon rai.

To, sai jita ta bi hannu, tunda hannu ya daina bin jita. Ka nemi abin kaɗawa irin wanda ake sa wa babban yatsa kamar zobe, ba sai ka matse shi ba. Ka sa wayoyi sirara, ko ka koma jita mai igiyar roba. Ka kai wa mai gyara ya sauko da wayoyin kusa da katako. Maimakon danne shida da yatsa ɗaya, ka ɗauki uku ka bar wa mai kibod sauran. Jama'a suna waƙa, babu mai ƙirga maka. Django Reinhardt, shahararren mai jita a Faransa, gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, ya sake koyon kiɗa da sauran. Nasa rauni ne da ya tsaya wuri ɗaya, naka mai tafiya ne, don haka kai za ka riƙa sake salo lokaci bayan lokaci. Kuma mu mutanen Jos bai kamata a koya mana wannan ba. Tsirkiya nawa ce a kuntigin marigayi Ɗan Maraya?

Sanyin garin nan ma abokin gabarka ne. Masu wannan ciwo da yawa sukan ce yatsunsu sun fi sandarewa da hunturu. Ka sa safar hannu in za ka hau babur zuwa sujadar safe, ka jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin ka fara. Gwaji kuwa ka rarraba shi, minti 15 ko 20 sannan hutu. In ka wayi gari hannun bai dawo yadda yake ba, jiya ka wuce gona da iri. Ka nisanci giya da burkutu, don suna cin jijiya. Duk likitan da zai rubuta maka magani ka faɗa masa kana da CMT. Akwai wani maganin sankara, vincristine, da ke yi wa masu shi mummunar illa. Ka kuma nemi a tura ka sashen gashin ƙashi, su duba ko kana bukatar takalmin roba mai tallafe ƙafa ko abin tallafe babban yatsa.

Likita, ni dattijo ne a Bukuru, garaya nake kaɗawa tun ina saurayi. Shekara 12 ke nan ina da ciwon suga. Ƙafafuna kamar na taka auduga, yanzu kan yatsuna ma ba sa jin tsirkiya. Wasu sun ce jifa aka yi mini.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wanda ya yi jifar yana cikin jini. Suga in ya daɗe a sama yana lalata jijiya, daga yatsun ƙafa ya hauro, sannan ya kama na hannu, kamar yadda kuka bayyana. Bambancinku da mai tambayar farko shi ne naku ana iya rage masa gudu in aka daidaita sugan. Ku nemi gwajin da ke nuna matsayinsa na wata uku. In metformin kuke sha tun shekarun nan, a auna muku sinadarin B12, don maganin yakan rage shi, ƙarancinsa kuma yana kawo irin wannan rashin jin taɓi, ga shi yana da magani. A duba fatarku ma: tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi alamar kuturta ce, ita kuwa ana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kyauta.

Garayar ku ci gaba da ita, kunne ya tsaya wa yatsa. Abin da na fi jin tsoro shi ne kaskon wuta. Hannun da ba ya ji yakan ƙone mai shi bai sani ba. Ku daina gasa hannu a kan gawayi, ruwan zafi kuma a gwada shi da gwiwar hannu. Bayan kowane kiɗa ku duba yatsu ko tsirkiya ta yanka.

Likita, mijina makaɗin kalangu ne. Kullum cikin dare yana farkawa babban yatsa da manuni da na tsakiya sun mutu, sai ya yarfe hannun sannan ya samu sauƙi. Shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe?

A'a, 'yar'uwa, bai yi kama da ita ba. Ya fi kama da jijiyar da ta matse a wuyan hannu, abin da ke yawan samun masu maimaita motsi ɗaya. Ku lura, ɗan ƙaramin yatsa ba ya shiga. Ya riƙa kwana da abin ɗaure wuyan hannu wanda ke miƙar da shi, ya naɗa wa sandar kiɗan roba ta yi kauri don riƙon ya sassauta, a kuma auna masa suga. In mako shida ya wuce babu sauƙi, ko kuka ga tudun babban yatsan ya fara lotsawa, ku je asibiti, ana yin ƙaramar tiyata a saki jijiyar. Amma in hannu ya saki farat ɗaya, ga baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan wani abu ne daban, a nufi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.